Bututun Rijiyar Darini

Batsari,
19 ga Satumba, 2021.

Zuwa ga ɗiyata Ramlat, a Zariya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, Uwata, ina fata kina lafiya. Ya karatu, ya malamanku, ya zaman baƙunta? Allah ya sa a gama lafiya. Mu nan sai godiya. Gero ya nuna, amma gonakin yamma da gari babu mai zuwa yanka, kin san dalili.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Tun da aka rufe layukan waya saboda 'yan bindiga, wayata ta koma tocila. Rabona da riƙe biro haka tun kina firamare. Mannir direba zai kai ta Katsina ya ba motar Zariya, tare da ƙunshin da ke cikin buhu. Guntayen bututu ne guda uku. Ki buɗe a hankali, bakinsu na yanka.

Ko kin tuna aikin da na yi bara da bazara a Darini? Wata ƙungiya ta haƙa masu rijiyar burtsatse mai sola. An kawo bututu goma sha biyu na sitenles, farin ƙarfen nan da aka ce ba ya tsatsa, sai aka tarar bakunansu ba su shiga juna. Ni aka kira na yanke, na yi waldar mahaɗa. Kwana uku na yi a can.

To, makon jiya bututun ya ɓalle a mahaɗa ta tara. Famfon da sauran bututun suka faɗa ƙasan rijiya. Da aka zaro na sama, sai aka ga gefen waldar ya ciccinye, kamar gara ta shiga itace.

Ranar Alhamis Zaharaddeen, shugaban kwamitin ruwansu, ya zo shagona da mutum huɗu. Ya fito da mayen ƙarfe na tsohuwar lasifika, ya ɗora a kan waldar, ya kama. Ya ɗaga wa mutane, ya ce, "Malam Armaya'u, sitenles ba ya kama mayen ƙarfe. Ina ka kai namu bututun?" A gaban duk 'yan layi ya faɗa, har da mai shayi. Na ce mashi abin da aka kawo mani shi na haɗa. Ya ce to a bari hukuma ta ji.

Shekara talatin da huɗu ina walda a garin nan. An ce mani mai tsada, an ce mani mai taurin kai, amma ba a taɓa ce mani ɓarawo ba.

Kin sha gaya mani karatunki a kan abin da ke cin ƙarfe ne, ina gyaɗa kai ba tare da na gane ba. Yau ga shi ina bukata. Ki sa shi a na'urarku ki gaya mani ko wane iri ne, ki rubuto a takarda mai hatimi yadda zan nuna.

Gidan shiru. Maƙwabtanmu na dama sun tashi zuwa Katsina. Ina share ɗakin mahaifiyarki duk Juma'a, Allah ya jiƙanta.

Allah ya yi maki albarka.

Mahaifinki,
Armaya'u mai walda.

*

Zariya,
27 ga Satumba, 2021.

Zuwa ga Babana.

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Baba, ina gaishe ka da girmamawa. Ina kwana, ya gida, ya aiki, ya haƙuri da halin da ake ciki? Allah ya kawo mana ƙarshensa, ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Takarda ta iso, ƙarfen ma ya iso. Kullum sai na gwada lambarka sau biyu ko uku, ko da na san ba za ta shiga ba. Da na ga rubutunka sai da na zauna a matakalar ɗakin gwaji na karanta sau biyu.

Na farko, ka kwantar da hankalinka a kan mayen ƙarfe. Sitenles na gaske ma yakan kama shi kaɗan a wurin walda, domin wuta tana sauya cikin ƙarfen a nan. Da Zaharaddeen ya matsar da shi tsakiyar bututun, da ya faɗi ƙasa. Na gwada da kaina a gaban malamina, Dokta Abdulhakim, kuma ya amince in yi aikin a ɗakin gwajinmu, zai sa hannu a kan abin da ya fito.

Bari in faɗa maka yadda ake yi, ko wannan karon za ka daina gyaɗa mani kai. Abin da ke hana sitenles tsatsa wata fata ce siririya da ido ba ya gani, wadda ƙarfen yake yi wa kansa saboda wani sinadari da ke cikinsa mai suna kuromiyam. Ni aikina in gano ƙarfin fatar. Nakan yanki ɗan guntu kamar farce, in goge shi da samfefa har ya zama madubi, in haɗa mashi waya, in tsoma shi cikin ruwa a kwalba. Sai na'ura ta riƙa ƙara mashi wutar lantarki kaɗan-kaɗan tana auna abin da ke wucewa. Muddin fatar na nan, kusan babu abin da ke wucewa, layi yana tafiya a kwance a fuskar kwamfuta. Da ta huje, sai layin ya miƙe sama. Inda ya miƙe, nan ne iyakar ƙarfin ƙarfen.

Abin da nake bukata shi ne ruwan rijiyar kanta, ko gora biyu. Ka taɓa ce mani ruwan Darini yana da ɗan zartsi. Ina so in ga yadda ƙarfen yake yi a cikin ruwan da ya zauna a ciki.

Nan ma shiru ne, Baba. Mu uku muka fara karatun nan, ɗaya ta yi aure ta bari, ɗaya ya samu aiki a Fatakwal. Ni kaɗai nake wuni da na'urar. Gwaji ɗaya yakan ci awa biyu, in aka ɗauke wuta a tsakiya sai in sake daga farko. Wani lokaci sai in kama kaina ina yi wa layin magana.

Don Allah ka koma wurin Gwaggo Talatu a Safana ka zauna na ɗan lokaci. Zaman kai kaɗai ba ya kwanta mani a rai.

Ka gaishe mani da duk wanda ya tambaye ni.

Ɗiyarka mai biyayya,
Ramlat.

*

Batsari,
8 ga Oktoba, 2021.

Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, na ga takardarki, na gode, Allah ya saka da alheri. Maganar fatar ƙarfe na gane ta sarai. Ashe shi ya sa in na goge shi da buroshin baƙin ƙarfe yake yin ja.

Ga ruwa gora biyu. Ban je da kaina ba, Mannir na roƙa ya zura gwangwani da igiya ya ɗebo. Ba na son shiga Darini yanzu, ga dalili.

Tun da rijiyar ta tsaya, matan garin suka koma ɗiban ruwa a rafi, tafiya ce mai nisa ta cikin gonaki. Ranar Talata da hantsi mutanen daji suka fito masu a kan babura. Sauran suka watsar da jarkoki suka tsere. Aka kama ɗaya, Hansai, matar wani manomi, tana da goyo amma ranar ta bar shi gida. Kwana uku ke nan babu labari. Na san ta. Lokacin da nake aikin ita ke kawo mani kunu da safe, tana yi mani tsiya wai wutata ta hana kajinta kiwo.

Yanzu abin da ake faɗa ya wuce sata. Jiya a masallaci na miƙa wa wani dattijo hannu, ya yi kamar yana gyara hula. Shago ina buɗewa, amma tun wancan makon ƙofa ɗaya aka kawo mani, ita ma wani baƙo ne. Mai kuma an hana sayarwa a jarka, janareta sai in tada shi awa ɗaya in kashe. Sai in zauna in ta kallon titi.

Safana ba za ni ba. In na rufe shago na tafi, za a ce na gudu.

Na ƙara maki wani guntu a ƙunshin, wanda na ɗaure da jan ƙyalle. Kin san al'adata, duk babban aiki sai na fara gwada hannuna a kan guntu, in rataye shi a bango. Wannan na tankin Karare ne, shekara shida da suka wuce, shi ma sitenles. Tankin yana nan har yau ko ɗigo ba ya yi. Ki auna shi tare da na Darini, a ga ko hannun da ya yi wannan zai yi ha'inci.

Ki hanzarta, Uwata. Ki sa Hansai a addu'a.

Mahaifinki,
Armaya'u.

*

Zariya,
20 ga Oktoba, 2021.

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya gida, ya jiki? Labarin Hansai ya tsaya mani a rai. Allah ya kuɓutar da ita, ya mayar da ita ga ɗanta.

Ga abin da ya tabbata. Bututun sitenles ne na gaske. Na yanko daga tsakiyar kowane guntu, na gwada a ruwan Darini, fatar ta riƙe yadda ake sa ran irinsa ya riƙe. An kuma auna sinadaran da ke cikinsa, sun yi daidai da lambar da ke jikin bututun. Ba wanda ya musanya komai.

Takarda mai hatimi ba ta kammala ba tukuna. Akwai sauran gwaji, kuma wuta tana ba mu wahala. Ka ƙara haƙuri.

Ka riƙa cin abinci, don Allah.

Ɗiyarka,
Ramlat.

*

Zariya,
2 ga Nuwamba, 2021.

Zuwa ga Gwaggona Talatu, a Safana.

Assalamu alaikum. Gwaggo, ina wuni, ya gida, ya yara, ya makarantarku ta matan aure? Ina fata ƙafar ta yi sauƙi. Ki yafe mani, na daɗe ban gaishe ki ba, yau kuma da damuwa na zo.

Kin ji abin da ya sami Baba a kan bututun Darini. Na rubuta mashi cewa ƙarfen na gaske ne, kuma gaskiya na faɗa. Amma na ce ban gama gwaji ba, alhali na gama tun kwana goma sha biyar. Takardar tana cikin jakata, Dokta ya sa hannu, na kasa aikawa.

Akwai gwaji na biyu da muke yi don gefen walda. Ana tsoma ƙarfen a ruwan asid, na'ura ta sa shi ya yi sabuwar fata, sannan ta janye wutar a hankali a ga ko fatar za ta tsaya da kanta. Lafiyayyen ƙarfe yana tsayawa. Wanda wuta ta daɗe a kansa ba ya tsayawa, domin zafi ya riga ya janye sinadarin da ke kare shi daga wasu siraran hanyoyi a cikinsa, ruwan zartsi kuma nan yake bi ya ci. Tsakiyar bututun Darini ta tsaya. Gefen waldar bai tsaya ba, lambar da ta fito ta ninka abin da aka yarda da shi sau da yawa. Sau biyar na maimaita, ina cewa ko ni na yi kuskure. Na biyar ɗin ban ma kalli kwamfutar ba, na fita na zauna a gindin darbejiya har ta gama.

Guntun aikinsa na Karare kuwa, na shekara shida baya, tsaf yake. Layi ɗaya, siriri, kamar an ja da biro. Na Darini da na yanka na duba a madubin ƙara girma, an bi wuri ɗaya sau uku, wani wurin ma layin ya kauce daga mahaɗar aka dawo aka cike. Ƙarfen ya sha wuta fiye da kima.

Gwaggo, wannan ba hannun Baban da na sani ba ne. Ni na girma ina kallonsa, ba ya bin layi sau biyu. Sannan ga takardunsa a gabana, rubutun ta biyu ya fi na farko girma, kuma yana gangarowa ƙasa. Me ya same shi? Ke kaɗai ce yake jin nauyi. In kin san wani abu, kada ki ɓoye mani.

Ban da wanda zan yi shawara da shi a nan. Na ɗauki biro in rubuta mashi ya fi sau goma.

Ɗiyarki,
Ramlat.

*

Safana,
9 ga Nuwamba, 2021.

Ɗiyata Ramlat,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke, ƙafa da sauƙi, yara suna gaishe ki. Allah ya yi maki albarka, ya ba ki miji na gari, ko da yake na san za ki ce ba wannan kika tambaya ba.

Ba zan yi maki kwana-kwana ba. Idon Yaya ne. Ya fi shekara biyu. Tun kafin rasuwar Saude mahaifiyarki ya fara cewa yana ganin kamar hayaƙi, ita ke zura mashi zare in zai ɗinke safar hannunsa. Ta yi ta fama ya je asibiti, ya ce gajiya ce. Da ta rasu sai babu mai yi mashi magana. Ni na gane da Sallar bara, da na miƙa mashi goro ya kai hannu gefe. Na ce Yaya, mene ne haka? Ya rantsar da ni kada in gaya maki, wai za ki bar karatu ki dawo ki zauna da shi. Yau na karya, zan yi kaffara, ba komai.

Da takardarki ta zo na shiga mota na tafi Batsari, duk da tsoron hanya. Na same shi a ƙofar shago ya sa kujera, rediyo a cinya ba a kunne ba. Sai da na yi sallama ya san ni ce. Tukunyar da na gani a madafa, shinkafar shekaranjiya ce. Na yi mashi tuwo, ya ci yana ba ni labarin yadda za ki aiko da takarda mai hatimi a karanta a gaban kowa. Takardunki ma da gilashin mai gyaran agogo yake karanta su, a rana, harafi-harafi.

Abu ɗaya mai daɗi, Hansai ta dawo. Kwana ashirin da shida ta yi a hannunsu. Ta rame, ba ta son magana, amma tana raye, ɗanta ya gane ta.

Kin nemi shawara, ga ta. Ki aika mashi. Ni na san wana. Zai fi son ya ji daga bakinki da a ce wata rana wani injiniya ya zo ya faɗa a bainar jama'a. Kuma akwai wasu garuruwan da ya yi wa aiki bayan Darini. Kin fi ni sanin abin da hakan ke nufi.

Ke ma ki riƙa fita kina shiga mutane. Takardarki warin kaɗaici take yi, irin na ubanki sak.

Gwaggonki,
Talatu.

*

Zariya,
15 ga Nuwamba, 2021.

Zuwa ga Babana.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Baba, ina gaishe ka, ina neman gafararka tun kafin ka karanta. Na yi rubutun da manyan baƙaƙe da gangan. Gwaggo ta faɗa mani, ni na matsa mata, kada ka yi fushi da ita.

Ga takardar. Shafi biyu ce, kowanne da hatimi, na kuma fassara kowanne da Hausa a bayansa.

Shafi na farko ya ce bututun sitenles ne na gaske, shi ne wanda aka kawo, ba a musanya ba. Ya kuma ce irin wannan bai dace da ruwa mai zartsi kamar na Darini ba. Akwai wani iri da ya fi shi juriya, shi ya kamata a saya tun farko, kuma wannan ba zaɓinka ba ne.

Shafi na biyu ya ce inda ya karye, gefen walda ne, kuma zafin da ya yi yawa ne ya raunana wurin. An bi layin sau uku. Da an bi sau ɗaya kamar na Karare, da bututun ya ƙara shekaru, ban san ko nawa ba.

Na gama wannan tun watan jiya. Na ce maka wuta ce ta hana, ba ita ba ce. Ka yafe mani.

Abin da aka zarge ka da shi sata ne, shafi na farko kuma ya wanke ka. Na raba su ne don ka iya nuna shi shi kaɗai, ba ƙarya a ciki. Na biyun naka ne. Amma in akwai wani aikin sitenles da ka yi bayan Darini, wanda ke cikin ruwa, ya kamata a duba shi kafin ya ɓalle.

Baba, duk abin da na sani game da ƙarfe a shagonka na fara jinsa. Ranar da na ga sakamakon nan na yi da-na-sanin karatun gaba ɗaya. Yanzu ban sani ba. Abin da na sani, ciwon ido irin wanda Gwaggo ta kwatanta sau da yawa ana yi mashi aiki a warke. Ka bari a duba.

Ina jiran amsarka, ko ta faɗa ce.

Ɗiyarka,
Ramlat.

*

Batsari,
28 ga Nuwamba, 2021.

Uwata,

Assalamu alaikum. Rubutun na Talatu ne, maganar tawa ce. Ta zo ta tare a nan kwana huɗu, ta ce ba ta tafiya sai na ba ki amsa. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta ƙara gishiri.

Takardarki ta kwana takwas a aljihuna. Ban yi fushi da ke ba. Da kaina na yi. Na san ranar. A rana ta biyu a Darini, in na sauke gilashin walda sai mahaɗar ta ɓace mani, sai in bi da ƙiyasi, in ɗaga in ga na kauce, in sake bi. Na ce a raina ai ƙarin wuta ƙarin ƙarfi ne. Ya kamata in ajiye in ce a nemo wani. Ban iya ba. Mahaifiyarki ba ta yi wata huɗu da rasuwa ba, in na bar aikin, gida zan koma in zauna.

Shekaranjiya Juma'a Mannir ya kai ni Darini. Bayan an sallame na tashi na ce ina da magana. Na ba Zaharaddeen takardar na ce ya karanta, tun da shi ya fara. Ya karanta shafi na farko, muryarsa na raguwa. Da ya gama ya ce, "Malam Armaya'u, mun zalunce ka. Ka yafe mana." Mutane suka fara miƙo hannu. Wallahi Uwata, na ji daɗin hannuwan nan, na yi wata biyu ban samu ba. Sai da na bari suka gama, sannan na zaro na biyun na ce saura wannan.

Ya karanta a zuci tukuna. Ya matso ya ce a hankali, "Baba, wannan ba sai an ji ba." Na ce karanta. Ya karanta. Da ya kai ƙarshe na ce masu idona ne, na san yana mutuwa na karɓi aikin, ban faɗa ba. Babu wanda ya zage ni. Aka watse da ɗaya-ɗaya, ina jin ƙarar takalma.

Na ce a kai ni gidan su Hansai. Mijinta ya yi mani iso, na tsaya a zaure, ita tana daga ciki. Na faɗa mata abin da na faɗa a masallaci. Ta ce, "Ba kai ka ɗauke ni ba, Malam." Na ce amma ni na kai ki rafi. Ta ce, "To na ji. Yau ba zan iya cewa komai ba. Ka dawo in an gyara rijiyar." Na ce to. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa sau biyu ba.

Ƙungiyar ta ce za ta turo masu ƙugiya su gwada ciro famfon. Zaharaddeen ya kwafi sunan irin bututun da kika ce, ya ce shi za su nema. Aiki biyu na yi bayan Darini, ɗaya a Zakka, ɗaya a nan cikin gari. Na aika masu su zaro su duba. Na cikin garin ya ce shi ba ya son jin sunana. Yana da gaskiya, amma ya zaro.

Shago na rufe jiya. Na naɗe wayoyin, na lulluɓe injin da buhu. Na daɗe a ciki ina shafa guntayen da ke bango, ina gane kowanne da hannu. Talatu tana cewa kada ta rubuta wannan, na ce ta rubuta.

Kada ki yi da-na-sanin karatunki. Na'urarki ba ta yi mani ƙarya ba, ke ma daga baya ba ki yi ba. Ki gama abin da ya kai ki.

Maganar asibiti, ina tunani.

Mahaifinki,
Armaya'u.

*

Batsari,
5 ga Disamba, 2021.

Uwata,

Assalamu alaikum. Na yarda. Talatu ta samo mani kati a asibitin ido a Katsina, ranar Alhamis tara ga wata. Ita ƙafarta ta tashi, ba za ta iya raka ni ba. In malaminki zai ba ki kwana biyu, ki zo.

Zan shigo motar Mannir ta farko. Ki tsaya a tashar Katsina, daidai inda ake sauke fasinja. Zan sa shuɗiyar riga, in sauka in tsaya a jikin motar, ba zan matsa ko'ina ba. Kada ki ɗaga mani hannu daga nesa, ba zan gani ba. Ki kira ni da ƙarfi.

Mahaifinki,
Armaya'u.